Akwatin Jiragen Malam Jibril

Talata, bayan la'asar

Yau na binne jiragena.

Kowa a ƙauyen nan yana binne wani abu tun da aka ce baƙin nan masu bindiga sun iso garin Wad Haddad. Gambo maƙwabcina ya binne injin ban-ruwansa a garken awaki. Hafsa matata ta tone ƙarƙashin murhu ta sa 'yan kunnenta na aure da zobe guda, ta mayar da duwatsun, ta hura wuta a kai ta yi mana kisra, wainar dawarmu ta nan. Wai wuta tana gasa ƙasar ta koma kamar ba a taɓa ta ba. An ce baƙin in sun shiga gida ruwa suke kwarawa a tsakar gida, inda ƙasa ta yi saurin shanyewa nan suke haƙa. Gidan da ya yi suna da zinariya kuwa ya shiga uku.

Ni ba ni da zinariya. Jiragen ƙasa gare ni, ƙanana, na wasa in ji waɗanda ba su sani ba. Babbarsu Hajiya, koriya, mai makulli a gefe, ka murɗa ka saki ta kama hanya. Wani Bature mai duba gonakin auduga ne ya bar wa mahaifina ita lokacin yana masa kuku, ta girme ni nesa. Sai shuɗin nan mai batir da ɗana Kamal ya kawo mini daga Jidda. Sai taragun da na ƙera da hannuna da gwangwanin tumatir, na kwaikwayi na ƙaramin jirgin auduga, inda na yi shekara talatin ina shafa wa ƙafafu mai kafin a tumɓuke layin. Na naɗe kowanne a tsumma, na jera su a akwatin ƙarfe tare da layinsu guntu-guntu.

Kamal ne ya haƙa ramin, a ƙarƙashin rakuba, rumfar da nake shan inuwa. Yana haƙa yana mita.

"Baba, mutane na binne dahab, zinariya tsantsa, kai kana binne gwangwani."

Na ce masa da hannu ake haƙa, ba da baki ba.

Ɗana ne na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Ya fito daga Madani da ƙafa, ya kai matarsa Rayan da jaririyarsu Kausar garin Dinder wurin danginta, ya dawo don ya tafi da mu. Samari irinsa ne baƙin suke kwasa. Na san da haka, ba sai an gaya mini ba.

Laraba, hantsi

Ba waya, ba wuta. Lori ɗaya ya tashi zuwa Dinder, mutane har saman kan direba. Kamal ya tsaya a kaina ina alwala.

"Baba, mu tahi. Gatar ɗin ga, jiragen naka, ba su gudu, muna dawowa mu iske su."

Na ce a bari ƙasar ramin ta kwanta in ga yadda ta yi. A bari bayan Juma'a. Akwatin ba ya tafiya da mu, don ko dabino aka gani a hannunka a shingen hanya sai an karɓe. Na ce shi ya yi gaba mu biyo shi. Ya ce ba ya ɗaga ƙafa sai da mu. Taurin kan nan ba a wurina ya samo shi ba, ko me uwarsa za ta ce.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Huɗuba gajera, masallaci rabi. 'Ya'yan Sharfuddeen biyu ba su zo ba, shi kuma ya zauna can baya kansa a ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi.

Yanzu samarin ƙauye da asuba suke shigewa cikin karan dawar da ba a yanke ba, ba su fitowa sai magariba. Har da Kamal. Hafsa tana ƙulla masa kisra a tsumma kamar mai zuwa makarantar firamare.

Yau ranar mai ce. Tun ina saurayi, duk Juma'a bayan sallah nake shimfiɗa tabarma in haɗa layi, in bi kowace ƙafa da gashin kaza da man keken ɗinki, in goge, in murɗa Hajiya ta ɗan zaga don kada sifirin ɗinta ya yi tauri. Yau na zauna a kan angareb, gadon igiya, a saman ramin, hannuwana sun rasa inda za su sa kansu. Na yi wa Hafsa faɗa a kan shayi, alhali shayin ba shi da laifin komai.

Asabar, magariba

Ba su shigo ba. An ji babura ta wajen gada.

Lahadi, magariba

Kamal ya tuna mini Juma'a ta wuce. Ai na sani, ni ma ina ƙirga kwana.

Litinin, hantsi

Mai gadin ƙofar ruwa ya gudu, ba mai buɗewa ba mai rufewa. Tur'a, magudanar ban-ruwa, ta cika ta ɓalle ta gefen ƙauye, ruwa ya kwanta a bayan gidajenmu. Da safe na dafa gindin katangar rakuba na ji sanyi. Na tona da yatsa, laka.

Wanda bai yi aikin ƙarfe ba bai san baƙar ƙasar nan ba. In ta sha ruwa ba ta sakinsa, kuma duk ƙarfen da ke cikinta sai ta cinye shi. Na ga abin da ta yi wa taragun gaske da aka yasar a tsohuwar tasha, bayan damina biyu kana sa yatsa ya huda. Balle gwangwanin tumatir. Balle sifirin ɗin Hajiya, wanda in ya tsinke babu mai irinsa daga nan har Khartoum.

Na gaya wa Hafsa. Ta ce, "Malam, dattawa sun ce kowa yab binne abu shi manta da shi. Kak ka taɓa wurin ga."

Na ce na ji.

Laraba, azahar

Na taɓa.

Na bari rana ta take kowa ya shige ɗaki. Hafsa ta tafi gidan Sharfuddeen, mata suna zuwa taya matarsa zama. Na ja angareb gefe na tone.

Ruwa bai shiga ba, amma tsummokaran sun yi danshi, kuma a ƙafar Hajiya ta baya ga tsatsa ja kamar ƙwayar gero. Na ji ta har cikin raina. Na kankare da toka, na bi da mai, na baza tsummokaran a rana. Sannan, Allah Ya yafe mini, na haɗa layi kaɗan a inuwa na murɗa ta. Ta tashi da 'yar ƙararta, ta sha kwana, ta dawo wurina. Tun da abin nan ya fara ban ji daɗi ba sai a lokacin, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba.

Ina mayar da akwatin na ɗaga kai, sai ga Mairo matar Gambo ta saman katanga tana shanya. Akwati kawai ta gani yana shiga rami. Ta ce sannu da aiki. Na ce yauwa.

Laraba, bayan magariba

Hafsa ta dawo, ta tsaya ta dubi ƙarƙashin angareb. Ta ɗauko buta ta zuba ruwa a wurin. Kafin ta ajiye butar ƙasa ta shanye.

"Ka gani? Ko makaho ya san an haƙa nan. Yaron ga na yini cikin kara kamar ɓera, kai kana nan kana wasa da gatar."

Na ce ba wasa ba ne, kula ne. Ta ce in gaya wa baƙin haka in sun zo.

Kamal ya miƙe. Ya ɗauko taɓarya ya yi ta daɓe wurin har rigarsa ta jiƙe. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, hantsi

Wani lorin ya tashi. Ba mu ciki.

Juma'a, bayan magariba

Kamal ya dawo daga kara jikinsa duk cizon tururuwa. Ya zauna kusa da ni yana susa, ya ce in Kausar ɗinsa ta yi wayo in ba ta shuɗin jirgin, tunda shi ya saya. Na ce sai dai ta kalla daga nesa, kamar yadda ubanta ya kalla, don shi ma ban yarda da hannunsa ba sai da ya yi gemu. Ya yi dariya, sannan ya juyo gare ni.

"Baba, gaya min gaskiya. Mi kaka jira?"

Na ce ruwa ya janye. Ya gyaɗa kai ya tashi.

A nan zan iya faɗa. Tsoro nake ji. Mahaifina ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan tsinkar auduga don ya sami guzuri, guzurin bai taɓa cika ba. Abin da ya bar mini kabarinsa ne da Hajiya. A ƙauyen nan ni ne Malam Jibril mai jirage, yara suna leƙe ta taga, manya suna yi mini tsiya. A Dinder tsoho ne kawai a gidan surukai, mai jiran a miƙo masa kwano.

Asabar, magariba

Ba su shigo ba. Danshi ya hau katanga kamu guda.

Lahadi, azahar

Na sake dubawa. Lafiya lau suke, in ban da tarago biyu da suka fara ja a gindi. Ban murɗa ta ba wannan karon. Na yi sauri.

Litinin, la'asar

Gambo ya shigo shan jabana, gahawarmu. Ya zauna a kan angareb ɗin yana buga ƙasa da dugadugansa yana dariya.

"Malam Jibril, ashe haka kake? Mata na hwaɗi bakin tur'a wai sikka hadid, hukumar jirgin ƙasa, ta sallame ku da dahab, akwati guda."

Na ce jiragena ne a ciki, waɗanda ya sha gani, waɗanda 'ya'yansa suka girma suna kallo.

"Haba Malam. Wa ka binne abin wasan yara? In ma ya binne, wa ka tone shi har sau biyu shi duba lahiyatai?"

Na rantse masa. Ya ce ya yarda, da irin muryar da ake ce wa mai taɓin hankali an yarda. Shekara arba'in katangarmu ɗaya da mutumin nan. Na so in tone in nuna masa, sai na tuna tonon ne ya jawo maganar. Ya tafi ya bar rabin kofinsa, Gambon da ba ya barin ko ɗigo.

Laraba, hantsi

Sun shigo. Ta gabas suka fara.

Laraba, magariba

Sun tsaya a gidan Gambo. Ban ga komai ba, akwai katanga tsakaninmu, sai dai katanga ba ta tare sauti. Sun daɗe. Injin ban-ruwan ya fita a bayan mota. Ƙofarmu ba su taɓa ta ba, sai wani da ya tsayar da babur ya dube ta sosai ya wuce.

Na shiga duba shi bayan sun tafi. Mairo tana gasa masa baya da ruwan zafi. Na ce sannu, ya juya fuskarsa bango. Ita ma ba ta ɗago ba.

Na dawo na ce wa Kamal gobe mu tafi. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba, sannan ya fita da sauri neman Ali mai karo, wanda amalanken jakinsa zai kai mu inda ake samun lori. An yi zai zo in rana ta ɗaga. Kamal zai shiga kara da asuba kamar kullum, mu ɗauke shi a hanya. Hafsa tana ɗaure kaya, har na ji tana 'yar waƙa ciki-ciki.

Abu ɗaya ya rage. Ba zan tafi in bar akwatin a cikin laka ba. Ɗakin ajiyar dawa ya fi tudu, ƙasarsa busasshiya ce. Aikin ɗan lokaci ne in mutum biyu ne.

Alhamis, ban san lokaci ba

Ali ya zo da karo. Ya koma.

Juma'a, la'asar

Ban je masallaci ba. Hafsa ba ta hura wuta ba.

Asabar, hantsi

Gara in rubuta, ko ya ɗan fita daga kaina.

Ranar Alhamis da asuba Kamal ya ɗauki ƙullin kisrarsa zai fita. Na ce ya ɗan tsaya. Ya tsaya.

Mun ciro akwatin ke nan, yana bakin rami, suka turo ƙofa. Ba su kwara ruwa ba, ba su leƙa ɗaki ba. Kai tsaye rakuba suka nufa. Babbansu ba zai wuce sa'an Kamal ba, siriri, mai magana a hankali. Ya ce mini da Larabci, "Buɗe, ya Haj."

Na buɗe. Suka yi ta warware tsumma suna jefarwa, gwangwani bayan gwangwani. Wani ya ɗauki Hajiya ya girgiza ta a kunnensa. Babban ya karɓa, ya juya ta, ya ga makullin, ya tambaye ni ko tana tafiya. Na ce tana tafiya. Ya ce in nuna masa.

Na durƙusa a tsakar gida ina haɗa layi, Kamal yana miƙo mini guntayen ɗaya bayan ɗaya. Na jona taragu, na murɗa, na saki. Ba ta taɓa tafiya mai kyau irin ta ranar ba. Suka tsaya da bindigoginsu suna bin ta da ido, har ɗaya ya tsuguna. Babban ya yi dariya, dariyar gaske, har da tafi. Na ce a raina mun tsira.

Da ta tsaya sai ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. To, ina dahab ɗin?"

Na ce babu. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya shiga gidaje da yawa, ya san masu ɗora akwatin banza a sama don mai haƙa ya tsaya nan. Ya sa Kamal ya shiga ramin ya ci gaba. Ya haƙa har ƙugu, har ruwa ya fara tsattsafowa. Ba a sami komai ba, don babu komai. Abin da suka yi mini a tsakanin ba abin rubutawa ba ne, yana warkewa.

Sai ya ce tunda mai haƙan ya iya haƙa za su tafi da shi, in na tuna inda na sa zinariyar in same su a tsohuwar tasha.

Kamal ya fito daga ramin, laka har gwiwa. Ya ce, "Baba, kak ka damu. Ku bi Ali ku tahi." Suka tura shi bayan mota.

Ɗan fari ne, Hafsa ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi. Yaron ga, wancan, mijin Rayan, haka take ce masa. Ranar Alhamis ta bi motar ba mayafi har bakin tur'a tana kiransa da sunansa, duk ƙauye ya ji. Ni ban taɓa sanin yadda sunan yake a bakinta ba.

Ba su ɗauki jirgi ko ɗaya ba.

Lahadi, la'asar

Dattawa sun zo. Wasu sun ce in kai abin da ke akwai, wasu sun ce in na kai kaɗan na tabbatar musu akwai mai yawa, sai su ƙara riƙe shi. Ashe ranar Alhamis, tun baƙin suna tsakar gida, Hafsa ta nufi murhu, Kamal ya girgiza mata kai daga cikin ramin, shi ma wannan lissafin ya yi. Aka yi ta magana har shayi ya ƙare, ba a tsayar da komai ba. Sharfuddeen da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe.

Gambo bai zo ba, an ce ba ya iya tashi. Ba na jin haushinsa. Na nemi haushin ban same shi ba, duk ya tafi wani wurin.

Jiragen suna nan tsakar gida a kan layinsu yadda aka bar su. Kaji suna tsallakawa.

Litinin, bayan sallar asuba

Hafsa ba ta jira dattawa ba. Ta ture duwatsun murhu ta fasa ƙasar da taɓarya, da ƙyar, don ta gasu da gaske. Ta ƙulla 'yan kunnen da zoben a bakin rawanina. Sannan ta yi mini maganarta ta farko tun Alhamis.

"Ɗauki koriyar ma. Na ga yadda yad dube ta."

Na ɗauka. Sai na tsinci kaina ina goge mata raɓa da hannun riga, Hafsa tana kallona. Na daina.

Litinin, bayan magariba

Na bi tsohon layin da ƙafa. Babu ƙarfe ko guda, amma tudun yana nan. A tashar motocinsu ne jere a inda muke jera taragu. Suka bar ni a rana har azahar kafin a kai ni wurinsa. Yana zaune a barandar ɗakin da nake karɓar man shafawa a da. Ya gane ni, ya ce a ba Haj kujera, a kawo masa shayi.

Na kwance ƙullin na ajiye a gabansa. Ya motsa 'yan kunnen da yatsa ya zuba a aljihu, bai ko duba su sosai ba. Na fito da Hajiya. Nan fuskarsa ta saki. Ya ce yana da yaro ɗan shekara biyar can garinsu, rabonsa da shi tun bara. Ya tambaye ni yadda ake murɗa ta kada ta lalace, da irin man da ake sa mata. Na gaya masa. Na gaya masa duka, har gashin kaza, har toka, ya kasa kunne da kyau. Na yi ta jan bayanin, don muddin ina magana bai ce mini a'a ba tukuna.

Da bayanin ya ƙare na ce, ɗana fa.

Ya kira wani ya tambaya. Wancan ya kira wani. Aka ce waɗanda aka kawo ranar Alhamis an wuce da su tun ranar Asabar, a wata mota da ba tasu ba. Na ce ina. Ya buɗe hannuwansa. Ya ce wallahi da na zo da wuri. Ya ce in sha shayina kada ya huce.

Ban san yadda aka yi ba, amma na sha.

Na dawo ta kan tudun layin, rana tana faɗuwa na shigo ƙauye. Hafsa tana tsaye a ƙofar gida, ta hango ni tun daga gada. Ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Na iso na tsaya a gabanta, ta ɗan matsa gefe, don na tare mata hanya.